Aiken Ɗanjuma Zuwa Dajin Yankari

Tafiyar nan ta wahalar da ni. Kwana uku na yi, har yau bayana bai daina ciwo ba.

Ni manomin rake ne a wani ƙauye gefen Makarfi. Sama da shekara ashirin muna dafa mazarƙwaila da abokina Ɗanjuma, duk shekara muna cewa in mun sayar za mu je Yankari mu ga giwa. Ba mu taɓa zuwa ba. Bara ciwon suga ya tafi da idonsa. Wata rana ina zaune wurinsa ya ce, "Sale, je ka kai kaɗai. Ka kalle ta da kyau, ka zo ka faɗa mini yadda take. Kada ka kawo mini hoto, me zan yi da shi?" Da rani ba ni da sukuni, sara ne da dahuwa. Sai na bari aka gama huɗa, cikin watan Agusta na kama hanya.

Ranar farko

Ina idar da sallar asuba, shida saura ashirin, na hau babur zuwa tashar Makarfi. Bakwai da minti goma ina Zariya. Motar Jos ba ta cika ba sai tara. Da, in muka yi tafiya, Ɗanjuma ke surutu ni ina gyangyaɗi. Wannan karon na kusa da ni waya yake dannawa, ban ji muryarsa ba har muka rabu.

Bayan Pambeguwa aka tsayar da mu a shinge. Ɗan sanda ya leƙo.

"Baba, ina zuwa?"

"Kallon giwa."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye. A Saminaka na sayi gasasshiyar masara guda biyu, sai da na karɓa na tuna ɗaya ta ishe ni. Ɗaya da rabi muna Jos, ana yayyafi, sanyi har ƙashi. Huɗu da kwata na sauka Bauchi. Na kama ɗaki kusa da tasha, na ci masa da miya. Masar Bauchi dai ba ƙarya.

Rana ta biyu

Bakwai na safe na shiga motar da ta sauke ni a mararrabar Dindima. Can na yi tsayuwar awa guda kafin wani mai kai kayan abinci dajin ya ɗauke ni. A ƙofa na biya kuɗin shiga. Daga nan zuwa masaukin baƙi kusan kilomita arba'in ne, daji hagu da dama, ba gida ba gona.

Abin da na fara gani gwaggon biri ne, zaune kan mota kamar shi ya saye ta. A gonata jifan danginsa nake yi, ga shi na biya kuɗi in kalle shi. Ga gadu suna yawo tsakanin ɗakuna kamar awaki.

Sha ɗaya muka hau buɗaɗɗiyar motar shiga daji. Akwai 'yan makaranta, akwai wani Alhaji da iyalinsa. Kowa yana da wanda zai taɓa ya ce duba can. Na zauna a kujerar baya. Jagoranmu, Malam Haruna, ya tambaye ni me na fi son gani. Na ce giwa.

Ya girgiza kai. "Haba Baba, wa ya ce ka zo da damina? Da rani suke taruwa bakin kogi. Yanzu ruwa ko'ina, ciyawa ta fi mutum. Sai dai a dace."

Na ce, "Da rani ina bakin tukunya."

Awa biyu muna zagaye. Mun ga gwambaza, mun hango ɓauna uku can nesa. Wajen ɗaya saura Malam Haruna ya sa direba ya tsaya, ya ce in sauko. Ga wata bishiya an karye ta kamar karan rake, ga kashi tuli yana wari. Ga sawu cikin laka, ruwan sama ya kwanta a ciki. Ya ce da safen nan giwa ta wuce. Na cire takalmana biyu na jera a cikin sawun, da sauran wuri. Na tsaya ina kallon inda ciyawa ta kwanta. Ban ga komai ba. 'Yan makaranta suka fara cewa Baba a tafi.

Da muka dawo kowa ya faɗa ruwan ɗumi na Wikki. Ni na naɗe wando na tsoma ƙafa kawai. Wayata ta yi ƙara, na ga sunan Ɗanjuma. Na bar ta har ta katse. Kafin magariba na koma Bauchi.

Rana ta uku

Shida da rabi muka tashi. Daga Jos har Zariya ƙarya nake shiryawa. Ai na sha ganin giwa a talabijin: kunne kamar faifai, hanci har ƙasa. Wa zai ƙaryata ni? Na shirya ta tsaf, har da 'yar giwa a bayanta. Biyar da rabi na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa mai kayan abincin nan da Malam Haruna. Ta bayan masallaci na zaga, don kada in bi ta ƙofar Ɗanjuma.

Washegari da hantsi na je. Yana zaure, kan buzunsa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, sai ya gyara zama yana jiran labari.

Na ce, "Ban gan ta ba."

"Ko wutsiya?"

"Ko wutsiya. Sawunta na gani, da kashinta."

Sai ya yi dariya har da tari. "To, Sale, mai ido da makaho, mun yi kunnen doki. Sawun fa, ya girmansa?"

Na kama hannunsa na sauke shi ƙasa, na zagaya da yatsansa cikin rairayin zauren. Ya shafa da'irar a hankali, ya sa tafinsa a tsakiya.

Ya ce, "Sake zagayawa."

Na sake.