Malam Tajuddeen, Ka Tafi Ka Bar Ni da Rigimar Bara'atu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma abokin gabata, Malam Tajuddeen Gambo, tsohon ɗan jaridar rediyo, a gidansa da ke Sabon Gari, Gusau, bayan ya sha jinyar ciwon ƙoda. Ni ne Labbo mai maganin ɓera, mai farar motar nan da lasifika a ka. Duk wanda ya halarci jana'izar ya san ni, don ni na ɓata ta.

Kafin rasuwarka, Malam, lasifikata ta fara gardama. Mai gyara ya soma yi mini dogon bayani, na ce ai waya ce ja da baƙa, ni ma ina da ido. Na haɗa abata da makullin mota da hannuna. To da aka sallace ka, aka rasa motar da za ta kai dattawa maƙabarta, sai na yi karambani na ce a shiga tawa. Liman ya zauna gaba, kawunnanka uku a baya. Ina murza makulli sai muryata ta cika unguwa: "Ina masu ɓera! Ina masu kyankyaso! A ci a faɗi nan take!"

"Labbo, kashe abin ga!" in ji Liman.

Na fizgi waya, ashe ta hon ce. Ga talla, ga hon, ga makara a gabanmu. Dole na kashe motar, dattawa suka sauko suka taka da ƙafa. Har yau babban kawunka bai amsa sallamata ba. Da kana raye na san ba dariya za ka yi ba, tambayata za ka yi wa ya haɗa wayar, kuma wa ya gani.

An ce a faɗi alherin mamaci. Zan faɗa, amma a bar ni in fara da abin da ke cina, don ni ban yi karatun da ake koya wa mutum ɓoye fushi ba. A aji biyu na sakandare ni da boko muka yi hannun riga.

Gabarmu ta samo asali ne daga wake. Wata shekara manoman Mada suka sayi maganin ƙwari na jabu, wakensu ya lalace a buhu. Ka shiga rediyo ka ce a hannun wani mai farar mota da lasifika suka saya. Mu uku ne masu irin wannan mota a kasuwannin nan, amma ni aka fi sani, don ni na fi baki. Na yi wata da watanni in na shiga Mada ko ruwa ba a ba ni. Na zo ƙofar gidanka ina huci.

"Malam, don mi ba ka faɗi sunan mutumin ba?"

"Don ban tabbatar ba, Labbo."

"To don mi ka faɗi launin mota?"

"Wannan na tabbatar."

Ka koma ciki ka bar ni tsaye. Daga baya aka gano ba ni ba ne, ka kuma faɗa a rediyo har da sunana. Amma wanda ya ji na farko ya fi wanda ya ji na biyu yawa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban laifinka a wurina shi ne ɗiyata Bara'atu. Tuwon sallah uwarta Lami ta aike ta ta kai gidanka, ta tarar kana sauraren hirar da ka ɗauko, shi ke nan yarinya ta lalace. Ta dawo tana yi wa uwarta tambayoyi kan tsadar tumatir. Ni kuwa ina cin abincina a cikin gidana ta ce, "Baba, da kake cewa maganin ga na kashe kunama, wa ya gwada?" Ubanta take tambaya wa ya gwada!

Ni na riga na shirya mata hanya. Talla na ci, talla na sha, da talla na gina ɗakunan da take kwana a ciki. Na ce ta je kwaleji ta karanta Maketin, ta samu takardar abin da ni nake yi da maƙogwaro. Kamfanonin taki, na sabulu, na layin waya, duk suna neman masu wannan takarda. In ma ta ƙi, ga hulɗa da jama'a: ofis mai sanyi, kujera mai juyawa, aikinka kawai in gari ya kama da wuta ka rubuta cewa an shawo kan lamarin. Kai kuwa ka zaunar da ita ka ce ta shiga Mas Kom, wai a can ake koyon jarida da rediyo da talla da hulɗa da jama'ar duka, in ta iya tambaya ta iya rubutu sai ta zaɓa. Da wa kake wayo, Malam? Ni da kai mun san wadda za ta zaɓa. Ga shi ta samu gurbin, rajista ta ƙarato, na rantse ba da yawuna ba, gidana ya koma gidan kurame. Gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da ita.

Kullum hujjata ɗaya ce, kuma a gabanka nake faɗinta: a dube ka. Me aikin ya ba ka? Tsohon babur da sai an tura. Dakatarwa daga aiki, ba sau ɗaya ba. In an gama taron manema labarai ana raba ambulan mai ɗauke da kuɗi, kowa ya soke tasa a aljihu, kai ka ce a mayar, abokan aikinka suna binka da "Allah Ya ja zamanin waliyyi." Su ne kuma suka cika tabarma a zaman makokinka. Na ga yaran nan da 'yan siyasa ke saya wa data, waɗanda suka yi shekaru suna zaginka a waya, sun zo da sababbin shaddodi suna ɗaukar hoton kansu a ƙofar gidanka, suna rubuta cewa uban aikin jarida ya kwanta dama. Ina suke lokacin da ake wanke maka ƙoda? Ni da ba na ƙaunarka na fi su sanin hanyar gadonka. Gidan rediyon da ka ƙarar da ƙuruciyarka a ciki kuwa, tsakanin tallan sinadarin miya da gaishe-gaishen biki suka cusa sanarwar rasuwarka. Ni mai talla ne, na san inda ake sa abin da ba a damu da shi ba. Allah Ya isa tsakaninka da su. Wannan ni na faɗa, ba kai ba.

Yanzu alherin. Wata rana da la'asar sakaliya motata ta mutu a hanyar Bunguɗu, a wurin da ko ɗan'uwanka ya gan ka sai ya ƙara wuta. Motoci suna ta wucewa. Sai ga ƙarar baburinka. A lokacin ko gaisawa ba ma yi. Ka tsaya, ka kira mai janwe, ka zauna kan dutse ka ce ba za ka tafi ba sai ya zo. Na ce ka tafi, ba na son taimakonka. Ka ce ai ba taimako ba ne, jira kake ka ga yadda labarin zai ƙare. Muka yi ta musu kan Bara'atu har aka ja motar. Ban gode maka ba, kai ma ba ka nema ba. Haka kake da kowa. Matan Magami da aka kora daga gonakinsu sun zo gaisuwarka a ƙafa, sun ce kai kaɗai ka zauna a ƙasa ka saurare su har suka gama.

To a nan matsalar take. Ba albashi ne damuwata ba, ƙarya nake. Na taɓa ganinka da idona a bayan Tsafe: mutane na fitowa daga wani ƙauye da tabarmi da awaki da yara a kafaɗa, kai kuma kana kutsawa ciki da rakoda a hannu. Mai talla inda mutane suka taru yake zuwa. Ɗan jarida inda suka watse. Ɗiya ɗaya gare ni mace, Malam. Wannan hanyar ka nuna mata, kuma ka tafi ba ka tsaya ka raka ta ba.

Da jikinka ya yi tsanani na je asibiti, don kada unguwa ta zage ni. Hajiya Hafsat, mai ɗakinka, ta fita alwala, ya rage ni da kai. Ka kama hannuna, ba ƙarfi a naka.

"Labbo, ka bar yarinyar ga ta yi karatunta."

"Malam, ka ji da jikinka."

"Na ji da shi, ya ƙi. Ka bar ta. Kuma kai za ka kai ta rajista da kanka, ba aike ba."

Na ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa majinyaci ce, don na ɗauka za ka tashi mu ci gaba da faɗanmu in janye abata. Sai ka yi mini abin da ka saba, ka ɗauki maganata ka tafi da ita inda ba a gyarawa.

Allah Ya jiƙanka, Tajuddeen. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya sa Aljanna ce makomarka. Maganar wake na yafe, duniya da lahira. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hafsat, da ɗanka Khalid da ƙannensa, da dangi na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Saura nauyin da ke kaina. Har yanzu ban faɗa wa Bara'atu ba. Na sha kiranta da niyyar faɗa, in ta zo ta durƙusa sai in ce ta kawo mini ruwa. Ban sauya ra'ayi ba, kada ka ji daɗi: jarida aikin banza ne, kuma duk ranar da ta fita da rakoda ba zan iya haɗiye loma ba sai ta dawo. Amma mu uku muka ji alkawarin nan, ni da kai da Allah. Kai ka tafi. Mu biyu muka rage, kuma ɗayan ba a yi maSa wayo. Zan kai ta, Malam. Ina zaginka a zuci zan kai ta.