Iskar da ba a kashe wa wuta

Ba na kiran sunan yarinyar nan, 'yar fari ce. Haka aka rene ni: ɗan fari ba a yabonsa, ba a shigar masa faɗa a gaban mutane. Na riƙe wannan kunyar har Manchester, har ranar da kakarta ta wajen uba ta rasu a Kano.

Lokacin tana jami'a a Birmingham, tana aiki a kan wata iska da ake kira niyon, wadda ke ba da jan haske a allunan shaguna. Ni da sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya a unguwar Gorton, na ce ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce iskar iri ɗaya ce a ido, amma a cikinta akwai mai nauyi da marar nauyi. Ana zuba ta a dogon bututu mai zazzafar waya a tsakiya, marar nauyin ta yi sama, mai nauyin ta taru a ƙasa, a hankali, mako bayan mako. Na ce ashe shiƙa kike yi. Ta ce to shiƙar da in aka kashe wuta, ƙaiƙayi da tsaba sai su koma su haɗe. Kuma dokar lab ɗin, wato ɗakin gwajinsu, ba a barin bututun a kunne in mai shi ba ya gari. Kuɗin karatunta a wannan zangon zai ƙare, babu damar sakewa.

Tun rasuwar mahaifinta, yayansa ne babba a kanmu. Likita ne, a gidansa na unguwar Whalley Range, nan Manchester, aka yi zaman makoki. Ina shiga falo ya ce, "Hajiya, na kira ta. Ta rufe abin nan ta taho, sai an yi sadakar uku."

Na ce, "Yaya, in ta rufe, aikin ya lalace."

"Iska ce fa. Tsohuwar nan ita ta goya ta."

Mata suka juyo gare ni. Ana jira in sunkuyar da kai, don uwa ba ta magana a kan 'yar fari. Sai wayata ta yi ƙara. Ita ce, muryarta a dashe.

"Umma, na fito daga lab, ina masaukina a Selly Oak. Zan ɗauki jaka in koma in kashe, in hau jirgin ƙasa na yamma."

"Kin kashe?"

"Tukuna."

Ban fita waje ba, a nan tsakiyar falon na tsaya. Na tuna yadda aka yi ta cire ni daga aji ina ƙarama, yau biki, gobe rasuwa, har aka daina mayar da ni.

Na ce, "Ki saurare ni. In kika taɓa wutar nan, ban yafe ba. Ki yi alwala ki yi mata addu'a a inda kike, Allah yana Birmingham."

Wata dattijuwa ta ce, "Hajiya, 'yar fari ce fa, babu kara?"

Na ce, "Na yi kara shekara da shekaru, Inna. Ni zan zauna zamanta."

Yaya ya tashi ya shige ciki. Har aka watse bai sake duban inda nake ba.

Bayan sadakar uku na ƙulla waina a leda na hau bas zuwa Birmingham. A bakin ginin lab ɗin ta same ni, idanunta a kumbure. Ta nuna mini wata 'yar kwalbar ƙarfe, ko tsawon tafin hannuna ba ta kai ba. Ta ce mai nauyin ce, ta taru.

Na jijjiga, ban ji komai a ciki ba. Na miƙa mata wainar, na ce ta kira baffanta ta yi masa gaisuwa, ko ya ɗauka ko kada ya ɗauka.