Ranar da Malam In-ji-wa Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa zama a gindin mangwaron nan na unguwar Rikoto a Zuru ya san ba a gaida Malam a wuce salin-alin. Ka ce masa, "Malam, barka da rana, yau da alamar ruwa," sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya leƙo ka ta sama, ya ce, "In ji wa?" Ka nuna masa hadari ta gabas, ya ce jiya ma an haɗa hadari, ina ruwan? Da haka sunansa na yanka ya ɓace. Ku da muka goge benci ɗaya, ku faɗi gaskiya, mutum nawa ne a cikinku suka tuna Bitrus ne sunansa kafin ranar jana'iza?

Ni ce Rifkatu, 'yar Baba Saja, tsohon sojan nan mai tafiya kamar har yanzu ana buga masa ganga. Abin da ya kai ni wurin Malam ba abin alfahari ba ne. Tarihi ya kayar da ni a jarrabawar gama sakandare, kuma shi kaɗai ya tsaya tsakanina da kwalejin horon malamai. Baba ya yarda in sake zama sau ɗaya tak. Ya ce, "Harsashi biyu nika ba soja. In ya kuskure na biyu, shi aje bindiga." Ajiye bindiga a wurina shi ne shagon ɗinkin gwaggota, ni kuwa ko zare ban iya zurawa a allura ba tare da na yi faɗa da shi ba.

Malam ya yi ritaya daga koyarwa a sakandare, yana ba da lesin ɗin tarihi da yamma. Allonsa tsohon ƙyaure ne da ya shafe da baƙin batir. Allinsa kuwa yana cikin gwangwanin madara, a gutsuttsure kamar ƙwayar gyaɗa, kuma in gutsure ya faɗi ƙasa darasi ya tsaya ke nan sai an nemo shi. Ba ya karɓar ko sisi. Ladansa shi ne duk Asabar mu tafi gonarsa ta dawa mu yi noma, abin da yake kira golmo, wato noman da samarinmu ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata.

"Kakanninku shekara bakwai sunka yi suna duƙe don mace guda," in ji shi. "Ku ilimi kunka zo aure, kuna kukan Asabar."

Na ce, "Malam, ai mata ba su golmo."

"In ji wa?"

"Kowa ya sani."

"Shi Kowa ɗan wane gida ne? Kawo min shi in tambaye shi. Kamin shi iso, ɗauki hauya."

Na ɗauki hauya.

A mako na biyu muna tsakiyar darasi, mu tara, sai ga akuyar Malam ta fito daga cikin gida a guje, matarsa Mama Saratu na bin ta da muciya.

"Malam, sau nawa zan hwaɗa maka ka ɗaure dabbar ga? Ta cinye min garin tuwo!"

"In ji wa?"

"In ji garin da ke bakinta!"

Ta wurgo muciyar, ta daki allo, akuya ta ratsa tsakanin bencuna, ƙawata Hauwa'u ta haye benci tana salati. Da ƙura ta lafa, Mama ta koma ciki tana sababi, Malam ya kaɗe rigarsa ya ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya faru yanzun nan.

Takarda tara, labari tara. Wani ya ce taɓarya ce aka jefo. Wani ya ce akuyar baƙa ce, wani ya ce ja. Hauwa'u ta rantse awaki biyu ne. Ni kuwa na rubuta cewa muciyar ta sami Malam a goshi, ina jin don bayana bai daina ciwon Asabar ba.

Malam ya karanta su duka da ƙarfi, sannan ya ce, "Abu ya auku gabanku, rana tsaka, ko minti goma ba a yi ba. To yaƙin da anka yi shekara ɗari biyu, da littahi ya ba ku a shahi guda kuna haddacewa, wa ya gani? Wa ya hwaɗi? Mi ya samu da ya hwaɗi haka?" Ya rubuta tambayoyin uku a saman allo, wurin da bai taɓa gogewa ba har ya bar duniya. Ya ƙara da cewa saɓanin shaidu ba abin tsoro ba ne. "Waɗanda za ku ji tsoro su ne shaidun da maganarsu ta zo daidai kalma da kalma. Waɗannan baki sunka haɗa."

Sai ya yi murmushi ya ce dama shi da Mama suka shirya rigimar don darasi. Daga bayan katanga muka ji muryarta: "Ƙarya shika yi, ɗiyana. Yau sai shi ci darasin da miya."

Ko gezau Malam bai yi ba. "Shaidu biyu ke nan. Ku auna."

Mun auna. Washegari mun tarar da akuyar a ɗaure.

Ba yabon kai ba, cikin mu tara babu wanda ya kama hannun Malam kamar ni. Na daina hadda, na koma tuhumar littafi. Kuskurena ɗaya, na ɗauki abin na kai gida.

Duk Lahadi bayan an taso coci, Baba kan zauna a rumfa da maƙwabta ya ba da labarin yadda a yaƙin basasa ya ƙetare wani kogi da bindiga a ka, ya tarwatsa abokan gaba shi kaɗai. Ina firamare mutum goma ne. Da na shiga sakandare suka zama ashirin. A wannan Lahadin, ina ajiye masa ruwa, na ji sun kai arba'in.

Na ce, "Baba, in ji wa?"

Innata ta saki ludayin da ke hannunta.

"Mi kika ce?" in ji Baba.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ɗalibar Malam ce ni. "Na ce wa ya ƙirga su? Bara ashirin ne."

Maƙwabta suka kama tarin da babu mura. Baba ya miƙe tsaye. "Na aike ki koyon tarihi, kin koyo raini. Daga yau ba ke ba gidan malamin ga."

Saura mako bakwai jarrabawa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na san Baba ba ya mayar da umarni, kuma na san in babu Malam hadda zan koma, haddar da ta riga ta kayar da ni sau ɗaya. Kwana biyu ina kuka, ina jin ƙarar keken ɗinkin gwaggo a kunnena.

Ranar Talata da yamma Baba ya sa tsohon kakinsa, ya maƙala lambar yabo, ya tasa ni gaba zuwa Rikoto, wai in kwaso littattafaina shi kuma ya gaya wa Malam abin da ke ransa. Malam na hango shi ya miƙe, shi da ko shugaban makaranta bai taɓa miƙe wa ba. Ya kaɗe kujerarsa da hannun riga ya ce, "Yara, ku tashi tsaye. Yau littahi ya zo muna da ƙahwarsa."

Baba ya zo da faɗa a baki, amma sojan da aka miƙe wa ba ya iya faɗa. Ya zauna.

"Saja," in ji Malam, "mu karantawa munka yi, kai kana wurin. Ba ni tambayarka mutum nawa. Ranar da kunka ƙetare kogin, mi kunka ci da sahe?"

Babu wanda ya taɓa yi wa Baba wannan tambayar. "Garin rogo. Busasshe, ko suga babu."

"Ruwan ya kai ina?"

"Ƙirji. A tsakiya ya shanye mutum."

"Ka iya ruwa?"

"Mu mutanen tudu, ina munka ga ruwa?"

"To wa ke kusa da kai?"

Baba ya kalli takalminsa. Da ya buɗe baki, muryar ba ta mai rumfar Lahadi ba ce. Ya ce akwai wani Audu, mutumin Kanya, da ya koyi iyo a ci-rani. Shi ya goya shi a baya kamar jariri ya kai shi gaɓa, ya koma ɗauko wani, bai sake fitowa ba. Ya ce ya yi alkawarin zuwa Kanya ya gaya wa uwar Audu, ya kasa haɗa ido da ita, har ya ji ta rasu. "Shekara talatin da ɗoriya ban kira sunan Audu ba," in ji shi, ya cire hular soja ya share fuska.

Dukanmu muka juya ga Malam muna jiran kalmar nan. Tabarau na kan hanci, gutsuren alli na hannu. Bai ce komai ba.

Baba ne da kansa ya gaji da shirun. "Malam, ba ka ce in ji wa ba."

"Mutum ba ya ƙaryar da za ta rage mashi girma, Saja. Wagga magana ba ta son shaida." Ya bari Baba ya mayar da hularsa, sannan ya leƙo shi ta saman tabarau. "Sai dai mutum arba'in ɗin nan."

"Bakwai ne."

"In ji wa?"

Baba ya sosa ƙeya. "To, uku. Su ma kamin mu iso sun gudu."

Dariyar Baba ta fi ta kowa ƙarfi. Da zai tafi ya nuna ni da yatsa ya ce, "Zauna ki yi karatunki. Amma tambayar ga ki bar ta nan gindin mangwaro. In da baƙi a rumfa, arba'in ne."

Asabar ɗin da ta biyo baya golmonmu ya sami sabon ma'aikaci, da kaki da hauya. Da aka yi girbi kuma Baba ya hau mota zuwa Kanya da buhun dawa, ya nemo ƙannen Audu.

Na ci jarrabawa, ci mai kyau kuwa. Na zo a guje ina haki na gaya wa Malam, kun san amsar da na samu. Na miƙa masa takardar sakamako, ya ɗaga ta sama yana duba ta a rana kamar mai sayen ƙwan zabi. Da ya gamsu, ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro alli guda, cikakke, ko kaɗan ba a gutsura ba, ya ba ni. Wanda bai san Malam ba zai ce alli ne kawai. Yana nan a akwatina, ban taɓa rubutu da shi ba.

Ina shekarata ta farko da fara koyarwa, a lokacin da sai ka hau tudu wayar hannu ke kamawa, Hauwa'u ta kira ni ta ce Malam ya rasu. Kafin in san me nake yi bakina ya ce, "In ji wa?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya ba akuya ruwa, ya zauna a kujerarsa, ya ce kansa na juyawa, shi ke nan. Na kira Baba, ya faɗi haka. Aka ba Mama Saratu wayar, ta faɗi haka, kalma da kalma.

Tun daga tasha har Zuru ina riƙe da dokar Malam kamar igiya, ina ce wa kaina baki suka haɗa. Sai da na iso gindin mangwaro na ga kujerar babu kowa, gwangwanin madara a kanta, tambayoyi uku a saman allo. Na karanta ta ukun, na nemi abin da Mama Saratu za ta samu da wannan magana, ban samu ba. A nan na zauna a ƙasa na yi kuka.

Allah ya ji ƙan Malam Bitrus, ya gafarta masa, ya haɗa shi da Audun Kanya. Allah ya ba Mama haƙuri. Ya ba Malam hutawa a inda babu ji-ta-ji-ta, inda zai ga komai da idonsa ba sai ya tambayi kowa ba. Amin.