Lilon Kano da Ƙadangaren Bakin Rijiya

A ƙauyenmu da ke gefen Miga, idan sanyi ya kama bayan an gama girbi, ba a barin yara su yi wasa a dandali bayan magariba. Ɗakin kakarmu muke tafiya, mahaifiyar babanmu, wadda kowa ke kira Iya. Takan hura wuta da karan dawa a cikin wani tsohon kasko, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta, mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta. Ina da wurina da kowa ya sani, jikin gwiwarta ta dama. Iya ba ta kirana Habu, sai Maigidana, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, kuma gyaɗar da ta fara gasuwa a hannuna take sauka.

A shekarar da nake magana, Babbar Salla ta faɗo cikin sanyi. Ƙanen babana, Baffa Sule, wanda ke aikin gwamnati a Dutse, ya zo gida yin Salla da iyalinsa a tsohuwar motarsa. Ɗansa Sagir sa'ana ne. Baffa ya dafa kaina a gaban kowa ya ce washegari zai wuce da ni, mu kwana Dutse, mu tafi Kano wurin wasan yara, inda ake hawa lilo iri-iri. Na kwana da kayan Sallata a ƙarƙashin kai. Da safe na yi wanka da ruwan sanyi ba wanda ya sa ni, na tsaya jikin motar ina kallo ana lodi. Aka cika bayanta da nama da kabewa. Sai ga babana ya sa an ɗauko buhun gero, tsarabar ƙanensa. Aka juya shi nan, aka juya shi can, babu inda ya shiga sai kujerar baya, gefen taga.

"Habu, ka yi haƙuri," in ji Baffa. "Ka ga yadda motar ta cika. Wata Sallar, in Allah ya kai mu."

Motar ta tashi, Sagir yana ɗago mini hannu ta saman buhun. Ranar har buhun geron nan sai da na yi ƙyashinsa.

Bayan kwanaki aka dawo da Sagir ƙauye ya ƙarasa hutun makaranta. Da magariba muka shiga ɗakin Iya, na tarar da shi zaune a wurina. Iya ta dube ni tana dariya ta ce, "Matsa can, tsohon miji. Yau na yi baƙo ɗan birni." Kowa ya yi dariya ban da ni. Kafin ta buɗe baki ta fara tatsuniya, wata yarinyar maƙwabta ta ce Sagir ya ba mu labarin Kano. Dama kaɗan yake jira.

"Wani jirgi ne," ya ce, ya miƙe tsaye, inuwarsa ta cika bango. "Kamar jirgin ƙasa, amma ƙarami, ba rufi. Sai a danne ka da ƙarfe a ciki. Ya dinga hawa dogo a hankali, ƙas, ƙas, ƙas, har ka hango motoci a ƙasa kamar kiyashi. Sai ya tsaya cak. Sai ya sako ka! Wallahi hanjinka sai ya taho maƙogwaro. Ya karkata nan, ya karkata can, iska na cika maka baki, kowa na ihu, har manya masu gemu."

Iya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Mutum da ƙafarsa ya je neman faɗuwar gaba? To, da ka sauko fa?"

"Sai na ce a sake!"

Ta tono gyaɗar farko ta miƙa masa.

Haka muka yi ta yi. Kullum da maraice sai labarin lilo, kuma kullum dogon yana ƙara tsawo. Da rana kuwa yara suka samo baron wani maƙwabci suka kai tudun bayan gari. Ɗaya ya shiga, biyu su tura shi har inda gangara ta fara, su saki. Sagir ne direba, shi ke cewa wane ne zai hau. Sun kira ni ba sau ɗaya ba. Na ce ni na girmi wasan baro. Amma ban tafi ko'ina ba. Sai in haye guntun katangar wani kango in zauna ina kallonsu tun hantsi har azahar, ina jin ihunsu kamar ana soka mini ƙaya. Ko tarkon kurciyata da na fi kowa iyawa na daina dubawa. Tuwo ma ya daina yi mini daɗi.

Wani maraice Sagir ya kai inda jirgin ke sako mutum, sai na ji bakina ya ce, "Ƙarya ne." Sagir ya rantse, na ce rantsuwar ma ƙarya ce. Iya ba ta tsawata wa kowa ba. Ta ƙara kara a wuta, ta bari ya kama, sannan ta faɗi abin da ta saba faɗa idan za ta fara tatsuniya.

"To, ga wata can a bakin ƙofa tana rawar sanyi."

"Ta shigo ta ji ɗumi!" yara suka amsa.

Labarin kwaɗo ne da ƙadangare, aminan juna, da suke zaune a bakin wata rijiya mai zurfi. Kwaɗo yana son laimar gindin rijiyar, ƙadangare kuwa yana da katanga mai rana, yana da dabino da yake hawa har ƙoli, ƙudaje kuma suna zuwa masa har baki. Wata rana barci ya kwashe kwaɗo a cikin guga. Wata mata ta zo ɗiban ruwa ba ta duba ba, ta jefa gugan. Kwaɗo ya farka yana tafiya ƙasa kamar an harba shi, duhu na gudu ta gefensa, ya faɗa ruwa tsundum. Kafin ya farfaɗo aka jawo shi sama yana lilo, haske na ƙara girma a kansa. Ya dira waje yana haki, ya ruga wurin amininsa ya ba shi labari. Tun daga nan kullum sai ya laɓe a guga.

Ƙadangare bai iya ruwa ba, ya san in ya shiga ba zai fito ba. Amma kuma ya kasa komawa katangarsa. Sai ya kwanta a bakin rijiyar ya zura kai ciki. Guga ya sauka, idonsa ya bi shi. Guga ya hau, idonsa ya bi shi. Ƙuda ya sauka a hancinsa bai gani ba. Rana ta fito ta faɗi bai sha ta ba. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa.

A nan Iya ta rage murya, yara suka matso. "Shirwa kuwa ta daɗe tana son ƙadangaren nan, amma da can ko inuwarta ya gani sai ya shige rami. Ranar ta zagayo, ta ga ƙeyarsa a sama, idonsa a ƙasa. Ta ce, yau kam Allah ya ciyar da ni. Fyuu! Ta sure shi. Ta yi sama da shi, ta wuce dabino, ta wuce rimi, ta karkata nan, ta karkata can, iska na cika masa baki. Kun ga ya samu lilon da kwaɗo bai taɓa mafarkinsa ba. Sai dai bai dawo ya ba kowa labari ba." Ta kakkaɓe hannu. "Ta ƙare a nan. Wanda bai ƙoshi ba ya lashi toka."

Yara suka bushe da dariya, har da Sagir, wanda bai gane komai ba.

"Ni ba ƙadangare ba ne," na ce.

"Af, wa ya ambaci sunanka, Maigidana? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Da kowa ya watse na tsaya ina tona toka da tsinke. Abu ɗaya nake so ta gaya mini, don in samu abin riƙewa. Na ce, "Iya, ai kwaɗon ƙarya yake yi ko? Gugan ba shi da wani daɗi."

Ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya maka? Guga da daɗi, ɗan nan. Daɗi sosai ma." Ta ja mayafinta ta kwanta. Na fita ina jin haushinta fiye da na Sagir.

Ina so in ce tatsuniyar ta warkar da ni, amma ba haka aka yi ba. Wata Sallar da Baffa ya ambata ba ta zo ba, shi ma na tabbata ya manta. Muka girma, Sagir yana gaba ina baya. Shi ya fara shiga jami'a, shi ya fara sayen mota, yanzu yana aiki a Abuja. Ni ina koyarwa a wata firamare a Dutse, ina hawa adaidaita zuwa aiki. Muna zumunci, yana da kirki, bai taɓa yi mini gori ba. Duk da haka idan ya sa hoto a waya, shi da 'ya'yansa a wani wurin shaƙatawa, yatsana yakan tsaya a kai fiye da yadda ya kamata. Iya ta rasu ina kwalejin horon malamai, ɗakinta ya zama wurin ajiye hatsi.

A Ƙaramar Sallar da ta wuce na ɗauki 'yata Jidda muka shiga bas zuwa Kano. Na ce wa mahaifiyarta don yarinya ne. A wurin wasan yaran muka bi layin jirgin cikin cunkoso har aka zo kanmu, aka danne mu da ƙarfe a ciki. Jirgin ya fara hawa. Wallahi ƙarar da Sagir ya kwaikwaya a ɗakin Iya, ita ce sak. Jidda ta ƙanƙame hannuna tana cewa, "Abba, mu sauka." Ni ma da za a ba ni zaɓi da na sauka. Sai ya tsaya a ƙoli, garin ya bazu a ƙarƙashinmu, sannan ya sako mu. Na ji wani ƙato yana kurma ihu yana salati, ashe ni ne. Hulata ta tafi, ban san inda ta faɗa ba. Da muka karkata a kwanar ƙarshe ihun ya koma dariya, ni da ita, hawaye na bin kumatunmu. Ban taɓa jin jikina ya yi sakayau haka ba.

Ina saukowa na ciro waya na kira Sagir. Na ce, "Ɗan'uwa, ashe gaskiya ka faɗa. Yau na hau lilon nan naka."

"Wane lilo?" ya ce.

Na tuna masa Sallar, da motar Baffa, da ɗakin Iya. Sai ya ce, "Kai, Habu, kana da riƙo! Na san dai an taɓa kai mu Kano muna yara. Mun hau wani abu ne?" Ya yi dariya, ya tambayi mutanen gida, ya ce zai sake kira.

Na tsaya riƙe da wayar a tsakiyar jama'a. Abin da na goya tun ina yaro, mai shi ya sauke tun a hanya. Har mantuwar tasa sai da na ji ƙyashinta, don mutum ba ya manta abu sai ya samu da yawa irinsa. A nan na gane abin da ya sa Iya ta ƙi ba ni ƙaryar da na roƙe ta. Da ta ce gugan ba daɗi, da na girma ina kushe duk abin da hannuna bai kai ba, ina kiran hakan hankali. Ba ta raina rabon kwaɗo ba, ba ta kuma yi wa ƙadangare alkawarin cewa nasa zai zo ba. Abin da ya dame ta shi ne inda ya ajiye idonsa, da abin da yake wucewa ta bayansa yana can yana leƙen na wani. Har yau ban iya dawo da idon nan gaba ɗaya ba. Amma yanzu ina jin lokacin da wuyana ya fara lanƙwasa.

Jidda ta ja gefen rigata. Ɗankwalinta ya karkace, takalmi ɗaya a hannu.

"Abba, ka gama wayar? Layin yana ƙara tsawo."

Na ce mata ai ita ce ta ce mu sauka.

"Wannan ɗazu ne," ta ce, ta ja ni muka koma baya muka tsaya.