Sunayen da Merle Stauffer Ya Goge

Dolores Kuzma ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin gidan waya a yammacin jihar Pennsylvania, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba. Mutanen Marlin Hollow sun san ta da lambun tumatir, da tsohuwar mota koriya, da zuwa coci da wuri don kada a riga ta kujerarta. Ba ta yi aure ba. Abin da ta tara a duniya yana cikin kwalayen takalma goma sha huɗu a ɗakin baya: tsofaffin katunan gidan waya masu hoton 'yan wasan besbol, wasan da ake make ƙwallo da kulki a ruga a guje.

Ba ta damu da katunan shahararrun 'yan wasa ba. Nata na ƙungiyoyin mahaƙa kwal ne. Shekara ɗari da suka wuce, kowace mahaƙa tana da ƙungiyarta. Mai hoto kan zo ranar Lahadi ya jera su sahu biyu, ya wanke hoton a kan kati, kowa ya sayi nasa ya aika gida ko ya adana.

Kati ɗaya ne ya sa ta fara tarawa, kuma ba ya hannunta. Kakanta Janko ya buga wa ƙungiyar Rami na Huɗu a 1912. Shekarar da ta biyo baya ramin ya rufta da shi, lokacin mahaifin Dolores yana goye. Janko bai bar hoto ba sai wannan kati: mutum goma sha biyu cikin riguna marasa rubutu, a bayansa kuma kakarta ta rubuta sunayensu da fensir, sahu-sahu, daga hagu zuwa dama. Katin yana wurin Goggo Verona, yayar mahaifinta, wadda suka ɓata da shi a kan gidan gado har suka daina magana. Sau ɗaya Dolores ta riƙe shi, tana 'yar shekara tara. Ta tuna ƙunar taba a kusurwar hagu, ta tuna yatsan goggonta a kan wata fuska. Fuskar ce ba ta tuna ba.

Goggo Verona ta rasu a 1999. Kafin Dolores ta ji labari, surukin goggon ya sayar da kayan gidan gaba ɗaya ga Merle Stauffer.

Merle dillali ne, mai tebur uku a kasuwar kati da ake ci sau biyu a shekara a zauren 'yan kwana-kwana. Ƙato ne mai dariya, yana raba alewa, yana kiran kowa da sunan da shi ya raɗa masa. Dolores ita ce Uwar Wasiƙu. A kasuwar lokacin kaka ta wannan shekara ta tsaya a teburinsa tana bin kwalaye da yatsa, sai ga ƙunar taba a kusurwar hagu. A jikin ledar an rubuta cewa ƙungiyar Tarr Run ce, 1909. Garin Tarr Run ya yi ƙungiyar 'yan wasan albashi na shekara biyu kacal, don haka masu tarawa ke rububin duk abin da ya fito daga can. Katin mahaƙa kuwa ko dala ashirin ba ya kaiwa.

Ta zaro katin ta juya shi. Bayansa fes, sai farashi da aka rubuta a sama.

"Ina rubutun da ke nan?" in ji ta.

"Wane rubutu, Uwar Wasiƙu? Haka ya zo."

"Daga gidan goggona ya fito. Akwai suna goma sha biyu a bayansa."

Merle ya karɓa ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya. "To idonki ya fi nawa. Ni dai takarda nake gani. In kina so, ɗari uku ne, don ke ce."

Burbuɗin magogi yana nan maƙale a gindin ledar, ja-ja. Ta gan shi, ya ga ta gan shi. Ta rubuta cak ta miƙa masa. Har ta juya ya tura mata alewa ɗaya, ya ce ta tsotsa ko fuskarta ta saki.

A gida ta kwantar da katin ta haska shi da fitila ta gefe, ko bakin fensir ya bar sawu. Kakarta mai sauƙin hannu ce. Abin da ta iya gani bai wuce harafi biyu ba a sahun ƙasa.

Ba ta kai ƙara wurin Harlan Deeds, shugaban ƙungiyar masu tarawa ba. Ta san abin da zai ce: dillalai suna goge fensir tun kafin a haife ta, kuma wanda ya sayi kati shi ke da bayansa. Abin da take so ya fi a ja wa Merle kunne. So take a wayi gari ba mai sayen ko kati ɗaya a hannunsa, a zauren da ya miƙa mata alewa. Ta ci gaba da zuwa kasuwa, tana gaishe shi, tana duba kwalayensa ɗaya bayan ɗaya, kati bayan kati, har shekara huɗu. Merle ya ce da abokansa tsohuwar ta huce, watakila ma son shi take.

A 2003, shekarar da ta yi ritaya, sababbin katunan Tarr Run suka fara fitowa a teburinsa. Waɗannan ba a leda kawai aka rubuta musu suna ba. Kowanne yana da tsohon kan sarki a baya, da hatimin gidan wayar Tarr Run, 1908 ko 1909. Hatimi shi ne shaidar da masu tarawa ba sa musu da ita. Dolores ta ɗora gilashinta na ƙara girma a kan na farko, ta daɗe ba ta ɗago ba. A zoben hatimin, daidai ƙarƙashin sunan garin, akwai ɗan gibi kamar ƙwayar shinkafa.

Ta san gibin, domin ita ta yi shi. A Tarr Run ta fara aiki tana 'yar shekara ashirin. Tsohon hatimin ƙarfe ne da aka daina amfani da shi tun 1932, ana danne takardu da shi a kan kantar gidan wayar. Wata safiya a 1974 gwiwar hannunta ta ture shi ya faɗi a kan siminti, bakinsa ya ɓantare, shugaban gidan wayar ya yi kwana biyu yana mita. Da aka rufe gidan wayar a 1988, aka yi gwanjon tarkacen da ke ciki.

Ta mayar da katin ta ce da Merle ya yi kyau.

Maganarta kaɗai ba za ta isa ba, kowa ya san tana da ƙullin Merle a zuciya. Sai ta shiga neman duk wata takarda da aka buga wa hatimin Tarr Run kafin 1932. Ba besbol take nema ba yanzu: katin gaisuwar Kirsimeti, ambulan kamfanin ruwa, wasiƙar ta'aziyya, ko mene ne. Ta bi kasuwannin tsofaffin kaya har Ohio. Ta bar tumatirinta ya bushe shekara biyu a jere. Cikin shekara uku ta haɗa takarda ashirin da shida, daga 1906 zuwa 1931, kuma a dukkansu zoben a cike yake. A cikin waɗannan shekaru Merle ya sayar da kati tara masu gibi. Ta san wanda ya sayi kowanne. Ba ta gargaɗi kowa ba, har Harlan Deeds da ya biya dala ɗari bakwai a gabanta. Yawan waɗanda aka cuta shi take jira.

Al'adar ƙungiyar ce a kasuwar kaka, bayan an ci abincin rana, duk mai so ya tashi ya nuna kati ɗaya ya ba da tarihinsa. A 2006 Dolores ta sa sunanta, karo na farko a rayuwarta, ta kuma roƙi Harlan ya zo da katinsa na Tarr Run. Harlan mutum ne da magana ba ta kwana a bakinsa. Kafin tsakar rana Merle ya ji.

Ya same ta a kicin ɗin zauren tana juya tukunyar kabeji da taliya. Ya tura ƙofa ya rufe. Bai kira ta Uwar Wasiƙu ba.

"Dolores, me za ki nuna yau?"

"Ka zauna a gaba, Mista Stauffer, za ka fi gani."

Ya jingina da firji. Sannan ya faɗa mata, a hankali, cewa shi ba ya goge komai sai ya kwafe shi. Yana da littafi, baƙi, tun shekara talatin. Kowane suna, kowace gaisuwa da ya taɓa gogewa tana ciki, da lambar katin. Na goggonta ma yana ciki, sahu biyu, yadda aka rubuta.

"Ki tashi ki nuna musu katin Kirsimeti, ki zauna," in ji shi. "Gobe da safe in kawo miki shafin har gida. Ki san kakanki."

Hannunta ya tsaya a kan ludayin. Shekara hamsin da huɗu take da su, kuma tun tana 'yar shekara tara take son ta ji wannan magana daga bakin wani.

"Shekara bakwai yana hannunka?"

"Ba ki tambaya ba."

"Na tambaya. Ka ba ni alewa."

Ta ce ya kawo littafin yanzu, gidansa minti goma ne a mota. Ya ce a'a, sai an tashi taro lafiya. Ta dube shi, ta ga goshinsa ya jiƙe, ta ga yadda yake murza zobensa. Ta daɗe tana zana wannan fuska a ranta, ga ta yau a gabanta. Ta ce masa ya matsa, abinci zai huce.

Mutum sittin da wani abu ne a zauren. Dolores ba ta yi dogon jawabi ba. Ta shimfiɗa takardunta ashirin da shida a kan tebur bisa shekara, ta karɓi katin Harlan ta ajiye a inda 1909 take, ta miƙa masa gilashi. Ta ce ya dubi zoben a 1908, ya dubi nasa, ya dubi na 1931. Harlan ya sunkuya. Ya koma farko ya sake bi.

"Yaya hatimi zai fashe a 1909," in ji shi, "ya warke a 1910?"

"Ba ya warkewa. Ni na fasa shi, a 1974." Ta juya ga jama'a. "Wa ya sayi kwalin tarkacen gidan wayar Tarr Run ranar gwanjo?"

Mutum huɗu a zauren suna wurin gwanjon ranar, har da Harlan, kuma duk sun waiga wurin Merle. Sai ta karanta sunayen sauran mutum takwas da suka sayi katunan, da ranar da kowa ya saya. Merle ya miƙe ya ce shi ma cutarsa aka yi, a hannun wani ya same su. Wata mata daga baya ta ce ya faɗi sunan wanin. Ya ce ya manta. Aka yi dariya, irin wadda ba ya cikinta.

Kafin ƙarfe uku an ƙwace masa teburansa uku. Shi kaɗai ya yi ta jidar kwalaye zuwa motarsa, sawu goma sha ɗaya. Dolores ta zauna kusa da ƙofa da farantinta ta ƙirga. Ta cinye abincin tas, har ta ƙara.

Labarin ya kai jaridar masu tarawa. Merle ya mayar wa mutum tara kuɗinsu, ya rufe ɗan shagonsa kafin sanyi ya shigo.

A watan Janairu wasiƙa ta zo mata, ba sunan mai aikowa. A ciki akwai shafin littafi mai layi-layi, an bi shi da almakashi an yayyanka shi gida goma sha biyu, kowane yanki da suna ɗaya. An datse gefunan sumul, yadda ba za a iya haɗa su ba. Ta zazzage su a kan teburin kicin. Rubutun Merle ne, da biro. Janko Kuzma yana ciki, ya faɗo tsakanin wani Petro da wani Stanko. Ashe littafin gaskiya ne.

Ta zauna har shayinta ya yi sanyi. Ta gwada haɗa layukan takardar, ta juya su, ta ɗaga su ga hasken taga. Merle ya yi aikinsa da kyau.

Ta tattara su cikin leda. Sannan ta jawo waya ta kira Harlan, ta tambaye shi ko gaskiya ne Merle ya nemi tebur a kasuwar kati ta garin Wheeling a watan Maris. Harlan ya ce haka ya ji, amma ai mutumin ya riga ya ƙare, ta bar shi haka nan.

"Ba ni lambar shugabansu," in ji Dolores. "Kuma ka ara mini katinka, zan je da kaina."