Bindigogin Soso a Rumfar Baba

Shekarar da na faɗo daga kan gini a Sabha, garin Larabawa can cikin hamada inda na je ci-rani, ƙafata ta dama ce ta karye, ƙasan gwiwa. Abokan ɗakina suka kai ni aka ɗaure ta, washegari kowa ya koma bakin titi jiran masu neman ma'aikata, domin wanda bai fita ba ba shi da abin kaiwa baki. Ni kuwa na kwanta ina kallon kwanon rufi. Azumi ya kama ina nan kwance, ba ni da aiki sai tunanin gida.

A bayan gidan da muke haya akwai wani dattijo mutumin Agadas, ya daɗe a garin har Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Gyaran fanka da risho da keken ɗinki yake yi a wata ƴar rumfa. Baba muke ce masa. Wata safiya ya leƙo ɗakinmu, ya dubi ƙafar, ya tambaye ni ko hannuwan ma sun karye. Na ce a'a. Ya ce to in ɗauki sandata in biyo shi.

A rumfar na tarar da kwalaye cike da bindigogin wasa na roba, masu launin lemo da shuɗi, irin masu harba harsashin soso mai tsawon yatsa. Wani Balarabe mai shagon kayan yara ne ya saro su don sallah, sai ya tarar ba sa kai ko'ina, kana harbawa soson ya faɗo gaban ƙafarka. Baba ya karɓi gyaransu duk da ba aikinsa ba ne. Ya gaya mini cewa in waɗannan ba su yi nisa ba, yara za su koma sayen masu ƙwayar roba mai tauri, kuma da idonsa ya ga ƴar maƙwabcinsa da irin ƙwayar ta lalata wa ido wata sallah.

Na ce masa ni ba na son taɓa bindiga ko ta wasa ce. Na ji ƙarar ta gaske a hanya da cikin gari, ta ishe ni.

"Buɗe ta ka gani, ɗana," in ji shi. "Famfon keke ne aka yi wa riga."

Na kwance ƙusoshin, na ga gaskiyarsa. A ciki akwai bututu, da wani abu mai zoben roba da ke tura iska, da resor, ƙarfen nan mai murɗe-murɗe, a bayansa. In ka ja, resor ɗin ya takure, in ka danna kunama ya saki, iskar ta fito da ƙarfi ta kori soson. Shi ke nan. Wani Bakano mai shayi a gefen rumfar ya dage sunan ƙarfen sifirin ne, Baba ya ce resor, suka yi ta wannan musu har azumin ya ƙare ba wanda ya sauka.

Baba ya zaunar da ni a kan benci, ya ɗora ƙafata a kan bokiti, ya ajiye mini gwangwanin da yake tara resor na tsofaffin laimomi da injuna. Muna harbawa wajen katangar maƙwabta, shi ya je ya ajiye tsakuwa inda soson ya faɗi. Ni mai ɗaukar bulo ne, a ganina ƙarfi shi ne komai, don haka na zaɓi mafi kauri na cusa. Sai da na sa hannu biyu kafin na ja ta. Soson ya tashi ya bugi katangar, na ji daɗin da rabona da shi tun kafin in faɗo. Da na ƙara, sai ƙugiyar da ke riƙe resor ɗin ta ɓalle, soson kuma ya yage a gindi. Baba ya yi dariya har da tari, ya tambaye ni wane yaro ne zai iya jan abin da ya sa ƙato gumi. Muka koma kan matsakaici, wanda ya ɗan fi na asali tauri.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bindigogi biyu masu resor iri ɗaya, ɗaya ta wuce tsakuwar, ɗaya ko rabi ba ta kai ba. Na yini ina juya su. Daga ƙarshe na lura cewa a cikin ta biyun soson yana girgiza a bakin bindigar, ramin ya yi masa faɗi, iska tana zurarewa ta gefe. Na nuna wa Baba. Ya fita, ya dawo da siririn tiyo irin wanda masu wayar lantarki ke binnewa a bango. Muka yanka muka zura a bakin. Wani guntun ya matse soson har ya ƙi fita, muka goge cikinsa da takardar yashi. Wani mun bar shi da tsawo, muna zaton zai ƙara nisa, ashe iskar takan ƙare kafin soson ya kai ƙofa, sai ya fito a gajiye. Haka muka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har muka gane tsawon da ya dace da wannan resor. Zoben roban kuma muka shafa masa basilin.

Baba yana da doka guda. Duk wadda muka gama, sai an harba ta a cikin damtsensa daga kusa. In ta yi zafi, a sake buɗe ta a rage. Ranar da mai shagon ya zo ɗauka, shi ma sai da Baba ya sa ya naɗe hannun riga aka gwada a jikinsa. Mutumin ya yi murmushi, ya ce kwais, wato ya yi kyau, ya kwashe su a bayan mota.

Duk kwanakin nan a rumfar nake shan ruwa. Iyalin Baba sukan aiko da miyar nan ta Larabawa mai jan tumatir da burodi, ya tura mini kwanon, ya ce shi ƙoshi ke hana shi sallah. Bai taɓa yi mini maganar haƙuri ba, bai taɓa tambayata abin da ke raina ba. Aiki kawai yake miƙo mini, in na gama ya miƙo wani.

Mai shagon ya bar mana guda uku. Ranar sallah bayan an sauko idi na kai su gidanmu. Magidanta masu gemu, waɗanda suka shekara ba su ga ƴaƴansu ba, suka jera gwangwanayen madara a kan bulo suna layin harbi, suna gardama kan wanda ya ƙetare layi. Wani ɗan Mali da ke jiran hanyar arewa zuwa bakin teku, wanda ban taɓa jin muryarsa sosai ba, shi ya kayar da duka, ya zaga tsakar gida yana rawa.

Da na fara takawa ba sanda, Baba ya haɗa ni da wani mai gona a ƙauyen Samnu da ke neman mai kula da ban ruwa, aikin da ba hawa sama. Na daɗe can. Lokacin da na dawo Sabha na je rumfar, na tarar da wani yana sayar da cajar waya a wurin. Bakanon mai shayi ya ce idon Baba ya yi rauni, ƴaƴansa sun zo sun mai da shi Agadas. Na sayi dabino mai kyau na ƙauyen Zighan, na ba wani direba da ya ce ya san unguwarsu, na ce ya gaya masa ɗan Damagaram mai karyayyar ƙafa yana gaishe shi, yana yi masa addu'a bayan kowace sallah. Direban ya ɗaure ƙullin a bayan kujerarsa, na tsaya a tasha har motar ta fita.