Kofaton Goɗiyata

Aljeriya ba ta daɗe da samun 'yanci ba na shiga Tamanrasset da goɗiyata, ja mai farin goshi, ita kaɗai ubana ya bar mini a Damagaram. Garin raƙuma ne, mai doki ba shi da zaɓin masauki. Duk wanda ya zo daga kudu, gidan wani fatoma, mai saukar da baƙi a unguwar Sersouf, ake kai shi. Ɗan ƙasarmu ne ma, abin haushi.

Filin da bai fi na dawaki huɗu ba ya cika da turaku har jikin bango, wutsiyar wannan a hancin wancan. Kashin kuwa ba a kwashewa. Masu garka, wato lambunan bakin rafi, sun fi son ruɓaɓɓen taki, sai mutumin nan ya riƙa sa a kwara ruwa nan ƙarƙashin dabbobi, su tattake masa shi a banza. A ƙasar da kashi ke bushewa kafin la'asar, mu muna fama da taɓo!

Na ce, "Baba, bari in kwashe wajen tawa da hannuna."

Ya ce, "Kai yaro, takin gidana za ka taɓa? In ba ka so, ga ƙofa."

Ina za ni? Na haɗiye. Aikin ƙarfi ya samu a In Ekker, na hau kamiyo, babbar motar kaya, na bar masa ita amana.

Da na dawo, ba ta iya taka ƙasa. Na ɗaga ƙafarta, wayyo Allah, cikin kofaton ya yi baƙi ƙirin, ga mugunya, ga tsutsa. Na wanke da ruwan zafi da kanwa, na ɗaure, ina! Ruɓar ta riga ta hau sama. Ranar da ta mutu, fatoman ya leƙo ya ce kwananta ne ya ƙare, in yi sauri in janye ta kada ta dami baƙinsa.

Na janye ta, amma sai da na yanke kofato ɗaya na sa a jakar fata.

Daga nan duk ayarin da ya doso gari ta hanyar Agadas, ni ke fara tarbarsa. Ban taɓa zagin kowa ba. Miƙa wa mai doki jakar nake, in ce ya sansana. In ya kau da kai ya tambayi inda aka yi wannan ta'asa, in faɗi gidan. Wallahi daɗi nake ji duk lokacin da na ga fuskar mutum ta yamutse. Turaku suka koma wayam, masu garka suka daina zuwa, baƙi masu raƙuma ma suka canza masauki.

Ranar babbar Salla, bayan an sauko daga idi, fatoman ya ratso mutane ya kama hannuna. Ya rame, rawaninsa duk datti.

Ya ce, "Ɗana, yau ranar gafara ce. A yafi juna."

Jama'a suka tsaya suna jiran bakina. Na zare hannuna a hankali.

Na ce, "Baba, ai ba ni ka tsayar cikin kashi ba. Je ka nemi gafara wurin wadda ka tsayar."